Ɗakin Kaka Mai Taya Huɗu

Shekara tara ya yi ba ya gida. Da ya tashi dawowa, ya dawo da akwati ɗaya, da hular kwano ruwan ɗorawa irin ta masu gini, da sabon suna. Sunan shi ya raɗa wa kansa: Injiniya. Babu wanda ya taɓa ganin takardarsa. In an tambaye shi makarantar da ya yi, sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Can ba a tambayar makaranta, gini ake nunawa." In an ce to nuna ginin, sai ya buɗe waya ya fito da hoton wani bene mai hawa talatin, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan ɗigo can ƙasa.

"Ni ne nan."

Yayarsa ta taɓa karɓar wayar ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ta ce, "Auta, ai ɗigon nan baro yake turawa."

Ya ce duba iskar tayar yake yi.

Gidan nasu bene ne, a can saman layi. Ƙasa shagon ɗinkin Yaya ne da ƙofar mota, sama kuma ɗakunan kwana. Tsakanin sama da ƙasa akwai matakala goma sha tara, kuma su ne suka ɗaure Kaka. Shekara biyu rabonta da taka ƙasa da ƙafarta, saboda gwiwa. In za a kai ta asibiti, a kujera ake sauko da ita, mutum huɗu suna nishi, ita kuma tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya. A zuwan ƙarshe likita ya ce shi da ita da bene an gama.

Nan Kawu ya bugo waya, Yaya ta ajiye ta a kan tebur kowa yana ji. Ya ce in wata ya ƙare ba a samar wa tsohuwa ɗaki a ƙasa ba, zai zo da mota ya ɗauke ta zuwa gidansa.

Kaka ta ce, "Gidan nan naka da in an leƙa taga ba a ganin kowa sai falwaya? Wa zan gaisar a can? Shekara hamsin ina layin nan. Ni da na yi wa rabin mutanen layin nan wankan jego, a kai ni inda ko kare bai san ni ba?"

Kawu ya ce ƙarshen wata, ya kashe wayarsa.

Yaya ta buɗe jaka ta ciro wata takarda guda ɗaya. "Jiya na biya ta ofishin tsara gari. Matar da ke wurin ta ba ni wannan, har na cike. Ta ce wai yanzu..."

"Yaya. Yaya! Ofis?" Injiniya ya dafe ƙirji. "Da injiniya a cikin gida kike zuwa ofis bin layi? Me za a ce da ni a unguwa?"

"Ka tsaya ka ji abin da ta..."

"Na san abin da ta ce. Je ki dawo, je ki dawo, har Kawu ya zo ya tafi." Ya zare takardar daga hannunta, ya ninke ta huɗu, ya sunkuya ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburin Kaka da ke rawa tun kafin ya tafi. Ya girgiza teburin, ya tsaya cak. "Kin gani? Ta yi amfaninta. Doka ba a roƙonta, karanta ta ake yi a zagaye."

Da yamma ya tono littafin dokokin gini a durowar marigayi babansu. Bangon ya cire, gefen ya sha gara, amma Injiniya ya rungume shi kamar ya tsinci taswirar zinariya.

Doka ta farko ta ce fili ɗaya, gida ɗaya. Duk wani abin da za a ƙara a baya, sai ya bar mita uku daga katangar maƙwabci, ya bar mita uku daga babban gida. Ya sauka da igiyar awo da alli. Filin da ke bayan benen mita bakwai ne. Ya cire uku nan, ya cire uku can, ya zana abin da ya rage a kan siminti, ya ja da baya yana kallo.

Kaka ta leƙo ta tagar sama. Ta daɗe tana duban zanen.

"Maigida," ta ce, don haka take kiransa in za ta yi masa tsiya, "tsawon ya yi mini daidai. Faɗin ma ya yi. Sai dai ka yi haƙuri in mutu tukuna."

Ya goge zanen da ƙafa.

Washegari ya hau sama da murna. Ya gano cewa ɗakin ajiyar kaya ba ya bukatar izini. "Sai mu gina, mu rubuta SITO da manyan baƙi a ƙofar. Shi ke nan."

"To ni ce kayan?"

"A takarda kawai, Kaka."

Gwiwarta ce ba ta aiki, hannunta lafiya lau. Silifa ta same shi a bayan kunne kafin ya kai ƙofa.

A rana ta uku ne ya iso shafi na arba'in da ɗaya, aka ji ihunsa har shago, Yaya ta kusa ɗinke yatsarta. Shafin ya ce duk abin da ke tsaye a kan taya ba gini ba ne, abin hawa ne, kuma dokar gini ba ta hau kansa ba.

"Ɗaki mai taya!" Ya sumbaci shafin, gara da komai. "A ƙasashen da aka ci gaba, masu kuɗi ma a irinsa suke kwana."

Ya kira Mai Walda na bakin titi. Mai Walda mutum ne mai ƙarancin magana, ya saurara har ƙarshe yana sosa haɓa, sannan ya ce, "Tayoyin fa?"

Tayoyi aka samu, sai dai ba 'yan uwan juna ba ne. Biyu daga matacciyar motar babansu, ɗaya daga amalanken janareto, ta huɗun kuwa ta baro ce. Kwana goma ana ƙwanƙwasa da feshin wuta. Ƙasa ƙarfe, bango katako, rufi kwano, taga ɗaya, ƙofa ɗaya. Da aka gama, ɗakin ya karkata gefen tayar baro, kamar mutumin da ke leƙen ƙarƙashin gado.

Mai Walda ya zagaya shi sau biyu. "Oga, birki fa?"

"Ɗaki ne. Ina ruwan ɗaki da birki?"

"Ai ka ce mota ce."

"A gaban hukuma mota ce. A gabanka ɗaki ne."

"To sitiyari?"

"Ina Kaka za ta je da za ta nemi sitiyari?"

Mai Walda ya dubi simintin tsakar gidan, wanda aka zuba shi da gangara don ruwan sama ya bi ta ƙofar mota ya fita. Ya dubi ƙofar. Ya ɗauko bulo huɗu ya tare kowace taya da ɗaya.

Aka sauko da Kaka a kujera, aka shigar da gadonta da rediyonta da teburinta. Teburin ya ƙi tsayuwa a karkataccen daɓe, sai Injiniya ya haura sama ya ɗauko ninkakkiyar takardar nan ya sake cusa masa. Kaka ta zauna a bakin ƙofa, ta zuro ƙafa ta taɓa ƙasa da babban yatsa. Da la'asar mata uku na layin suka shigo gaishe ta, waɗanda su ma gwiwa ta hana su hawa bene, aka yi ta hira har shayi ya huce. Ranar ba ta zagi kowa ba. Injiniya ya ga haka, ya ƙara karkata hular kwanonsa.

Da safe sai ga Ciyaman.

Ciyaman tsohon hedimasta ne, shi ne shugaban ƙungiyar masu gidajen layin, gidansa ne na can ƙarshen gangara, wanda ƙofarsa ke kallon layin kai tsaye. Tun da ya yi ritaya bai sami yaran da zai duba wa farce ba, sai ya koma duba katangun mutane. Igiyar awo ba ta barin aljihunsa.

"Yaro, mene ne wannan?"

"Mota ce, Baba Ciyaman."

"Mota mai labule?"

"Ta zamani ce."

"Ina injin?"

"Yana hanya."

"Na ji rediyo a ciki. Na ji tari."

"Fasinja ce."

Kaka ta ɗaga labule. "Hedimasta, ka tsufa."

Ciyaman ya gaishe ta a daƙile, ya karɓi littafin daga hannun Injiniya, ya lashi yatsa ya juya shafi ɗaya tak. Shi ma irin littafin ne da shi a gida, ya haddace. "Shafi na arba'in da biyu. Abin hawan da ya kwana bakwai a wuri ɗaya bai motsa ba, ya zama gini. Ka karanta gaba, ko a can ba a koya muku juya shafi ba?" Ya sunkuya ya zana alli a gindin kowace taya. "Zan dawo ran Laraba."

Ran Talata Injiniya ya kira Mai Walda. Aka cire bulo biyu, Mai Walda ya tokare da kafaɗa, aka matsa ɗakin taku ɗaya. Sun manta da wayar wutar da aka jawo daga shago. Ta tsinke da ƙara, fankar Kaka ta mutu, kekunan ɗinki uku suka tsaya a tsakiyar kayan mutane, gidan gaba ɗaya ya yi tsit. Sai muryar Yaya, wadda ba ta bukatar lantarki.

Sati na biyu ya ce wannan karon baya za a tura, kada a saba. Tayar baro ta ƙi bin ra'ayin sauran, ɗakin ya juya a hankali ya manna ƙofarsa da katanga. Aka tura, aka ja, ya ƙi. Yini guda ta taga ake miƙa wa Kaka abinci, ita kuma ta taga take miƙo ra'ayinta game da tarbiyyar Injiniya tun daga haihuwa. A ƙarshe Mai Walda ya yanka wata ƙofar a ɗaya gefen.

"Ƙofa biyu," in ji Injiniya ga matan da suka zo kallo. "Ta shiga da ta gaggawa. Haka ake yi a can."

Yaya ta ce tunda ya cinye mata wurin shanya, a jikin ɗakin za ta ɗaura igiyarta. Ta ɗaura.

Ciyaman kuwa ya gaji da alli, ya rubuta ƙorafi shafi uku ya kai ofis da hannunsa. Aka ce Sufeto za ta zo ran Alhamis da hantsi. Ran Juma'a wata zai ƙare.

Injiniya ya goge hular kwano da man shafawa. Ya buɗe ƙofar mota gaba ɗaya don jama'a su ga yadda ake kayar da hukuma da ilimi, jama'a kuwa ba su ba shi kunya ba: mai aski ya zo, mai kemis ya zo, matan layi sun jeru a inuwa. Ciyaman ya hango motar ofis tun daga nesa, ya fito da sauri har ya bar tiyo yana zuba a cikin furanninsa, ya rako Sufeto har saman layi yana yi mata bayani.

Sufeto mace ce mai tabarau, da fayil a hammata da alamar wadda ta ga abubuwa da yawa. Ta tsaya ta dubi ɗakin, ta dubi tayar baro, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Malam, kafin mu yi nisa, ka san cewa yanzu..."

"Ranki ya daɗe, na san komai. Shafi na arba'in da ɗaya."

"Wane littafi ke nan? Ai abin da nake so in..."

"Tayoyin ado ne!" Ciyaman ya katse ta. "Ba sa juyawa! Ya ɗora gini a kan bulo ya jingina masa taya. Ni na koyar shekara talatin da biyar, na san satar amsa in na gan ta."

Injiniya ya yi murmushin tausayi. Ya juya ga jama'a. "Kun ji? Wai ba sa juyawa."

Mai Walda daga cikin taro ya ce, "Oga, bulo biyu kawai za ka cire. In zo in tokare."

"Zauna abinka. Yau hukuma za ta gani da idonta."

Ya shure bulo na farko. Ya shure na biyu. Ya zagaya yana taku irin na masu gabatar da kaya a talabijin, ya shure na uku, ya shure na huɗu, ya buɗe hannuwa.

Ɗakin bai motsa ba.

Ciyaman ya buɗe baki zai yi dariya. Sai aka ji ƙiiii.

Da farko a hankali ya taho, kamar mai jin kunya. Jama'a suka dare. Ya bi hanyar ruwan sama, ya daidaita da ƙofar mota kamar da ma don shi aka yi ta, ya fice. Igiyar shanya ta miƙe, ta tumɓuke ƙusarta, ta biyo baya da zannuwa shida da rigar wata amarya da wandon Injiniya na fita kunya.

"Kaka!" Injiniya ya daka tsalle ya kama ƙofar gaggawa, ƙafafunsa suna jan ƙasa. "Kaka, taka birki!"

Labule ya buɗe. "Wane birki, ɗan nema?"

Layin gangara ne tun daga sama har ƙasa. Ɗakin ya sami hanya, ya fara waƙa, kowace taya da muryarta. Hular kwano ta faɗi ta bi su tana gungurawa. Yaya na gudu tana salati, Mai Walda na gudu da bulo a hannu, Sufeto na tafiya da sauri irin ta wadda ba ta so a ce ta yi gudu a bakin aiki. Wani da mai aski ya bari a kan kujera ya fito da rabin kai.

Kaka kuwa ta riƙe ƙarfen taga da hannu ɗaya, ta fito da ɗayan. Shekara biyu ba ta ga layin nan ba sai daga sama.

"Sannunku da aiki! Ke, yaushe kika haihu ba a gaya mini ba? Kai, wa ya sare bishiyar nan? Mai wanki, ina zanena na bara?"

Ciyaman yana tsakiyar layi yana haki sai ya tsaya cak. Ya dubi inda ɗakin ya nufa.

"Ƙofata! Na bar ƙofata a buɗe!"

Ɗakin ya shige gidan Ciyaman ba sallama. Ya bi ta kan furannin da tiyo ya jiƙa tun safe, tayoyi uku suka nutse a laka har wuya, ya yi gyangyaɗi gaba, ya yi baya, ya zauna daram a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Injiniya ya wuce ta gefensa a kan ciki. Tayar baro ta ɓalle, ta ci gaba ita kaɗai, ta zagaya tsakar gidan sau ɗaya, ta zo ta kwanta a gaban takalmin Sufeto.

Yaya ta faɗa ciki ta ƙofar shiga. Kaka na zaune a kan gado, rediyo na ci gaba da labarai.

"Ko shayina bai zube ba," ta ce. "Teburin nan ya tsayu."

Layin gaba ɗaya ya cika gidan. Sufeto ta buɗe fayil, ta ciro biro.

"Filin waye wannan?"

"Nawa ne," in ji Ciyaman.

"Gida nawa nake gani a ciki?"

"Mota ce! Ranki ya daɗe, mota ce! Kowa ya ga tana tafiya! A fitar mini da ita!"

Injiniya ya ɗago daga cikin furanni, laka har gira. "Haba Baba Ciyaman. Shafi uku ka rubuta cewa gini ne."

Sai da Sufeto ta juya baya ta yi tari a cikin fayil kafin ta iya magana. Ta ce a ba ta littafin da ake ta ambato. Injiniya ya zaro shi daga aljihun baya. Ta riƙe shi da yatsu biyu.

"Wannan an soke shi shekara shida da suka wuce. Mutane sun yi yawa, gidaje sun yi kaɗan, tsofaffi na hawa bene, ma'aurata na kwana a falo. Yanzu kowane gida a unguwar nan yana iya ƙara ƙaramin ɗaki da banɗaki a baya. Mita ɗaya daga katanga, tushe na siminti, takarda shafi ɗaya. Sau biyu ina so in faɗa, ba a bar ni ba. Kuma ni da hannuna na ba wata mata daga gidanku takardar."

Yaya ta juya ta dubi ƙaninta. Jama'a suka bi idonta.

Kaka ta sunkuya, ta ɗaga ƙafar tebur, ta miƙo takardar ta taga. "Ko wannan ce?"

Sufeto ta warware ta a kan fayil. Akwai ramin ƙafar tebur a tsakiya, amma rubutun Yaya yana nan tsaf, har da sa hannu. Ta karanta, ta buga hatimi a kai.

"Ta yi. Ku fara gini ran Litinin. Wannan abin kuma," ta nuna ɗakin da biro, "sai an kawo motar ɗaga kaya. Kafin nan ina tsohuwa za ta zauna?"

"A nan," in ji wata murya. Matar Ciyaman ce ta fito da kujera a hannu, ta dasa ta a bakin ƙofar gaggawa. "Shekara biyu ina cewa zan hau in gaishe ta, ƙafa ta hana. Yau Allah ya kawo mini ita har gida da gadonta. Ba inda za ta."

Ciyaman ya buɗe baki, matarsa ta dube shi, ya rufe. Can ya matsa kusa da Sufeto ya rage murya, amma ba yadda mai aski ba zai ji ba. "Ranki ya daɗe, takardar nan, akwai wata a fayil ɗin? Ɗana da matarsa shekara guda ke nan a falona."

"Ni ma a ba ni," in ji mai aski.

"Da ni," in ji mai rabin kai.

Injiniya ya ga layi ya kafu a gaban Sufeto. Ya miƙe, ya karɓi hularsa daga hannun Mai Walda, ya kifa ta a kansa da ya sha laka.

"Kun gani ko? In ba don ni ba, wa zai san doka ta canja? Wannan shi ake kira wayar da kan jama'a. Tun farko haka na tsara."

Yaya ta ɗauki tayar baro daga ƙasa ta ɗora masa a hannu. "Na kira magini, zai zo ran Litinin. Ya ce a samo masa mai tura yashi. Na ce muna da wanda ya yi shekara tara a fannin."

Wayarta ta yi ƙara. Kawu ne, yana tambaya ƙarfe nawa zai zo gobe, kuma a haɗa wa tsohuwa kayanta tun yau.

Kaka ta miƙo hannu ta taga, aka sa mata wayar.

"Kada ka wahalar da motarka," ta ce. "Na riga na tashi yau da safe, da gadona da komai. Kuma direban da na samu ya fi ka sauri."